Masinjan da Ya Hana Batura Hutawa

A ofishin masu awon filaye da ke hawa na biyu na benen nan mai kallon kasuwar kayan gini, da wuya a sami wanda zai rantse ya taɓa ganin Kazar-kazar a zaune. Shi ne masinjan ofishin. A tsaye yake shan shayinsa, kofi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana jera ambulan a jaka bisa tsarin titunan da zai bi. In Manaja ta kira shi, kafin ta rufe baki ya iso, kafin ta gama bayani ya kai matakala, sai dai ta bi shi da ragowar maganar ta taga. Wani tsohon akawu ne ya laƙaba masa sunan tun yana saurayi. Akawun ya daɗe da barin aiki, sunan kuwa ya zauna daram, har ya bi shi gida.

Aikin ofishin ba ya ƙarewa a waya ko a kwamfuta. Akwai zanen da sai an naɗe shi an kai hannu da hannu, akwai takardar da sai an sa mata hannu an buga mata hatimi. Duk wannan a kan keken Kazar-kazar yake tafiya, wani tsohon baƙin keke mai kariyar ɗora kaya a baya da bututun roba ɗaure a gefe don naɗaɗɗun zane. Ya san lungun da ke yanke cunkoso. Ya san ƙofar baya ta kowace ma'aikata, da sakataren da ba a samunsa in rana ta take, da mai gadin da sai an tambayi lafiyar tsohuwarsa kafin ya zare sakata. Ya shiga aikin ba ko gashin baki, yanzu furfura ta cinye rabin kansa, 'ya'yansa sun girma sun kama gabansu, saura shi da matarsa, tela ce, a ɗaki biyu da baranda.

Gwiwar hagu ce ta fara juya masa baya. Da farko da safe kawai take ciwo, in ya taka feda ta warware. Daga baya ta daina warwarewa. A hanya miƙaƙƙiya yana iya lallaɓawa, amma rabin wuraren da yake kai saƙo suna hayin gadar da ta haye layin dogo, hawan gadar nan kuwa ba ya sassauta wa kowa. Ya koma sauka a gindinta yana tura keke. Saƙon da a da yake isa da hantsi ya koma isa bayan an tafi cin abinci.

Wata safiya Manaja ta kira shi ɗakinta. Mace ce da ba ta girmi babbar 'yarsa da yawa ba, kuma tana ganin girmansa.

“Baba, zauna mana.”

“Ranki ya daɗe, ina ji daga nan.”

“Ai zaman ne maganar.”

Ta yi masa bayani a tsanake. Dattijon da ke karɓar baƙi a gindin matakala zai bar aiki ƙarshen wata. Kujerarsa za ta zama ta Kazar-kazar. Albashi ba abin da zai taɓa shi, ga inuwa, ga fanka. Saƙo kuma za a riƙa ba wani kamfani mai 'yan babur.

“Laifin me na yi, ranki ya daɗe?”

“Laifi kuma? Shekaranjiya ta gilashin mota na hango ka a kan gada kana turi kana ɗingishi. Wallahi kunya ce ta kama ni. Mutane za su ce ba mu da tausayi.”

Ya dubi taga. A ƙasa ana loda buhunan siminti, wani mai kura yana rigima da direba, titi yana ta tafiyarsa. Ya tuna kujerar dattijon, mai matashin da ya lotsa a tsakiya, tana fuskantar bango da kalanda.

“In na hau gadar ba turi fa?”

“Da wace gwiwar?”

“Ba da gwiwa ba.”

Ta ce ofis ba zai sayi babur ba. Ya ce shi ma ba ya so. Sau ɗaya ya taɓa hawa mai shan fetur, a cikin kwandunan wani mai tumatir tafiyar ta ƙare. Yana da wani abu a gida. Ta juya biro a hannu, ta ce yana da har ƙarshen wata. In abin nasa ya iya kai saƙo hayin gada kullum ba fashi, hanya tasa ce. In bai iya ba, kujera.

Abin da yake da shi a gida ya daɗe jingine a baranda, matarsa tana shanya tsumma a kansa. Gangar jikin wani mataccen ƙaramin babur ce mai feda, da ya tsinto a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Tayar baya kuma ta wani keken lantarki ce da mota ta take, inji a cikin cibiyarta. Mai walda ya haɗa masa su, ya sa birki, ya sa totur, ya sa fitila. Abu ɗaya ya rage, batir. Sabo ya fi ƙarfinsa, na mota kuma nauyinsa kaɗai zai durƙusar da abin.

Don haka da aka tashi aiki bai nufi gida ba, ya nufi shagon ƙanin matarsa. Mai gyaran kwamfuta ne, a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar wani bene. Kazar-kazar ne ya fara kiransa Injiniya don tsokana, har abokan cinikinsa suka ɗauka. Mutum ne mai sanyin jiki, yakan tsaya ya ƙura wa sukur ido kamar zai nemi izininsa kafin ya kwance shi.

“Yaya, lafiya? Kana ta zagaye min shago, za ka kwashe min wayoyi da ƙafa.”

“Batir nake so. Wanda zai hau gada da ni da jakata.”

“Kai da aka yi wa tayin fanka? Ni da za a ba ni kujerar nan, sai dai a kwashe ni da ita.”

“Ai kai da kujerarka aka haife ka. Wa ya gaya maka ma?”

“Matarka, wadda ka gaya wa a waya kana huci.”

Injiniya ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da matattun baturan kwamfuta da masu kawo gyara suka bari. Ya ce batirin kwamfuta in ya mutu ba duka yake mutuwa ba. A cikinsa ƙwayoyi ne, ɗaya ko biyu ke lalacewa su ja wa sauran. Ya sa sukundireba ya ɓare ɗaya. Sai ga su a jere, kowace ta ɗan fi babban yatsa tsawo, wasu sanye da kore, wasu shuɗi, wasu ruwan hoda.

Aikin yana da matakai, kuma Injiniya ba ya tsallake ko ɗaya. Na farko, a ɓare a ware duk mai tsatsa ko lotsawa. Na biyu, a cika kowace da caji, wadda ta yi zafi a hannu a fitar da ita. Na uku, a auna abin da kowace take iya ɗauka a rubuta a jikinta. Waɗannan ukun sun yi wa Kazar-kazar daɗi, don akwai abin yi da hannu. Ya yanke yatsu wajen ɓara bai ko kula ba. Ya karɓi caja ɗaya da mita ya tafi da su gida don aiki ya yi sauri, yana cusa ƙwayoyi yana cirewa, kafin ya fita da bayan ya dawo.

“Saura na huɗu,” in ji Injiniya ranar da suka gama awo. “Shi ne mai wuya, kuma ba a yin komai a cikinsa.”

“To mene ne wuyarsa?”

“A wurinka? Ka ji dai. Za a ajiye su mako biyu. Ba caji, ba taɓawa. A cikinsu akwai masu yoyo, kamar bokiti mai ɗan huji: ba ka ganin ruwa yana zuba, sai dai ka dawo ka tarar ya ragu. Mita ba ta gane su yau. Sai sun zauna.”

“In an sa mai yoyon fa? Ai ga 'yan'uwanta za su taimaka mata.”

“Su za ta tsotse. Layi-layi za mu haɗa su, duk 'yan layi ɗaya cikinsu ɗaya ne. Mai yoyo ɗaya ta isa ta zuƙe layinta. Kuma akwai ɗan allon tsaro da za mu sa, da ya ga layi ɗaya ya faɗi, zai yanke wutar gaba ɗaya, ko da sauran a cike suke.”

Kazar-kazar ya lissafa a zuci. In aka cire mako biyu, abin da zai rage kafin ƙarshen wata da ƙyar zai isa haɗawa da gwaji.

“Mako ɗaya ba zai yi ba?”

“Yaya, ba ni na kafa dokar ba.”

Shagon ba wuri, ga zafi, sai aka jera ƙwayoyin a kiret ɗin ƙwai aka kai gidan Kazar-kazar, aka ɗora a kan kabad, sama da keken ɗinkin matarsa.

Kwanakin farko kallo kawai yake yi. Ya shigo ya ɗaga kai, ya fita baranda ya goge babur ɗin da ya riga ya goge, ya matsa birki, ya murɗa totur ɗin da ba wuta, ya dawo ya sake ɗaga kai. A ofis kuwa duk sanda ya sauko matakala sai ya kawar da fuska daga kujerar dattijon, shi kuma dattijon ya ɗauki sabuwar ɗabi'ar nuna masa abubuwa: ga inda ake kunna fanka, ga yadda ake jingina don kada baya ya ƙage.

Wata safiya ya taka kujera ya sauko da kiret ɗaya. Aunawa ai ba taɓawa ba ce, haka ya gaya wa kansa. Ya bi su da mita ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan yadda aka bar su, sai wata koriya da ta ɗan sauka. Ya ware ta gefe. Ya sa takalmi. Ya dawo ya ɗauke ta ya jujjuya. Kyakkyawar ƙwaya ce, ba tabo, lambar da ke jikinta tana cikin manya. Wataƙila ranar da aka yi mata caji an ɗauke wuta ba ta cika ba. Ai ba a yanke wa abu hukunci a kan kuskuren masu wuta. Ya cusa ta a caja, da ta cika ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta.

Washegari uku ne suka sauka. Bayan nan ya daina mamaki. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ƙwayoyin da ƙyar suka kai adadin da Injiniya ya ce ana bukata. In aka zubar da waɗannan, batir ba zai cika ba, kuma ba wani kwalin a ƙarƙashin tebur. Duk wadda ya gani ta yi ƙasa sai ya ji kamar shi ne ake shirin warewa.

Matarsa tana kan keken ɗinki, allura a baki, ta dube shi ta saman tabarau.

“Baban yara, ba cewa aka yi a bar su ba?”

“Gaishe su nake yi.”

“Gaisuwa har da waya a baki?”

“Ke dai yi ɗinkinki. Wannan harkar wuta ce.”

“Ni ma in na jiƙa sabon yadi don ya shige, ba na tsamo shi ina ja. Amma ai ni ban san harkar wuta ba.”

Ya yi kamar bai ji ba. Kullum da safe haka, kiret ya sauka, mita ta zagaya, caja ta yi aikinta. Da yake ba ya mayar da kowace gurbin da ya ɗauko ta, kafin mako ya zagayo shi kansa ba zai iya nuna waɗanda ya taimaka wa ba.

Ranar da wa'adi ya cika Injiniya ya zo gidan da tasa mitar. Ya zauna a tabarma ya bi su a hankali, yana aunawa yana gyaɗa kai. Da ya kai kiret na ƙarshe ya cire tabarau ya goge.

“Ikon Allah. Tunda nake ban taɓa ganin kwalin da ba mai yoyo ko ɗaya ba.”

“Sa'a ce,” in ji Kazar-kazar daga bakin ƙofa.

Injiniya ya dubi yayarsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai ta taka keke da ƙarfi har tebur yana rawa. Ba za ta kwance wa mijinta zani a gaban ƙaninta ba.

Haɗawa ta ci musu ranakun hutun mako. Layi goma sha uku, kuma Injiniya ya raba ƙwayoyin yadda kowane layi zai sami masu ƙarfi da masu rauni daidai da na kusa da shi. Aka zaunar da su a gurabun roba, aka shimfiɗa siraran ƙarafa a kawunansu. Ba a sa dalma, don zafin ƙarfen da ke narkar da ita yana cutar da ƙwaya; wata 'yar na'ura ce da Injiniya ya haɗa da kansa take ɗinke ƙarfen da ƙyas ɗaya na wuta. Aikin Kazar-kazar shi ne danne ƙarfen, amma hannunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

“Yaya, don Allah je ka sayo salatif.”

“Ga salatif nan a gabanka.”

“Wani kala nake so. Na can ƙarshen kasuwa.”

Kafin ya dawo an gama layi uku. Aka ja siririyar waya daga kowane layi zuwa allon tsaro, aka sa fis, aka naɗe da kwali mai kauri. Matarsa ta ɗinka wa batirin jakar tamfol mai zif da maɗauri biyu, ta auna ta yadda ta zauna cif a ƙarƙashin sirdi.

Safiyar da ya fara hawa, abin da ya fara ba shi mamaki shi ne shirun. Ya murɗa totur, babur ya zame da shi ba tari ba hayaƙi, sai ɗan zuu daga tayar baya. Ya wuce kasuwa, ya wuce mai faci da ke gindin gada, ya wuce daidai inda ya saba sauka. Ƙafafunsa suna kan feda ba su yin komai. Iska ta cika masa riga. A saman gada ya ga layin dogo ya miƙe har inda ido ya gaza, abin da ya daɗe bai gani ba, don mai turi ƙasa yake kallo. Ranar kafin hantsi ya dawo ofis da jaka ba komai. Ma'aikata suka sauko suna zagaya abin, wannan ya danna sirdi, wancan ya tambayi inda ake zuba mai. Manaja ta leƙo ta taga.

“Ya yi kyau, Baba. Mu ga ƙarshen wata.”

Bai gaya wa kowa abin da ya fara lura da shi ba. Batirin yana nuna ya cika da wuri, kuma yana gajiya da wuri. Ranar farko ya zagaye gari ya dawo da saura. Bayan kwana kaɗan sai da ya taimaka da feda a hanyar gida. Ya koma jona shi a ofis duk sanda ya shigo, ko da na ɗan lokacin da zai karɓi ambulan ne. Ya ce wa kansa sabon abu ne, bai gama sabawa ba.

Ana gab da ƙarshen wata Manaja ta miƙa masa bututun zane da ambulan mai hatimi. Takardun neman kwangila ne, za a jefa a akwati a wata ma'aikata da ke hayin gada, kuma da rana ta take ake rufe akwatin. Ya riga ya yi zagayen safe. Ya dubi 'yar fitilar batir, ta nuna akwai fiye da rabi.

A tsakiyar hawan gada zuu ɗin ya ɗauke. Ba gargaɗi, ba ja da baya a hankali. Kawai totur ya zama abin wasa a hannunsa. Ya kashe ya kunna. Ya taka feda, gwiwar ta amsa masa da wani zafi da ya hau har ƙugu. Ya sauka ya fara turi, sai ya gane babur ba keke ba ne, nauyinsa ya ninka. Motoci suka taru a bayansa suna ta hon. Wani kwandasta ya leƙo ya tambaye shi ko man ya ƙare ne ko mai shi. Ya ja abin gefe, ya jingina da ƙarfen gada, gumi yana shiga masa ido. Sama da nisa, ƙasa da nisa, motocin haya duk a cike, rana kuma tana ta hawa.

Ya ciro waya. Tunda ya fara aiki bai taɓa cewa wani ya kai masa saƙo ba. Ya tsaya da yatsa a kan lambar, ya dubi bututun, ya danna.

“Ranki ya daɗe, ina kan gada. Ki turo masu babur ɗin nan.”

Ba a daɗe ba wani mai hular kwano da akwati a baya ya tsaya a gabansa. Kazar-kazar ya miƙa bututun da ambulan, amma bai saki nan da nan ba.

“Kada ka bi babbar ƙofa, layi ne. Ka zagaya ta wajen masu fotokofi, akwai ƙaramar ƙofa. Ka ce wa mai gadin ina gaida tsohuwarsa.”

“To, Baba. Sakar min mana.”

Ya saki. Ya bi shi da ido har ya ɓace a saman gada, sannan ya juya kan babur ya gangara da shi da birki zuwa rumfar mai faci.

Da yamma Injiniya ya zo gidan, ya zuge jakar tamfol ya bi layukan da mita. Goma suna nan da ƙarfinsu. Uku sun faɗi, ɗaya a cikinsu kusan ba komai. Ya daɗe yana kallon mitar.

“Yaya, tsakaninka da Allah, lokacin da suke kan kabad ka taɓa su?”

“Taɓawa kamar yaya?”

“Kamar da hannu. Kamar da caja.”

Kazar-kazar ya tafi bakin ƙofa ya dawo. Matarsa ta cire allura daga baki. A ganinta abin da aka rufe ya riga ya fito da kansa a kan gada.

“Kullum da safe sai ya ba su karin kumallo,” ta ce. “Ni ma ban samu wannan kulawar ba.”

Injiniya bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce masu yoyon suna nan a ciki, an ɗinke su da lafiyayyu, kuma ba mai iya nuna su. Sai an ɓamɓare ƙarafan duka, a goge kan kowace ƙwaya, a cika su, a sake ajiyewa.

“Mako biyu kuma?”

“Mako biyu. A shagona, a cikin kabad na ƙarfe. Makulli a aljihuna.”

“Wata zai ƙare.”

“Zai ƙare.”

Washegari Manaja ta ce saƙo ya isa a kan lokaci, kuma ta gode da ya kira da wuri. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce ranar ɗaya ga wata zai karɓi ƙofa. Ya tambaya in abin ya gyaru fa. Ta ce in ya gyaru a zo a gani, amma ba ta yi alkawari ba.

Haka Kazar-kazar ya karɓi kujera. Karɓa dai ya karɓa. Duk baƙon da ya zo sai ya raka shi har sama, ko da baƙon ya fi shi sanin ofishin, ya sauko yana dafa bango. Ya goge gilashin ƙofa har ta fara ƙara. Ya sauya wa tebur wuri, ya mayar, ya sake sauyawa. In mai hular kwano ya zo ɗaukar saƙo yakan tarar an jera masa ambulan bisa tsarin tituna, da bayanin da bai tambaya ba. Da an tashi sai shagon Injiniya, ya tsaya a gaban kabad ɗin ƙarfe, hannu a baya.

“Ba sa jin gaisuwa ta cikin ƙarfe, Yaya.”

“Wucewa nake yi.”

“Kullum ta nan hanyarka take wucewa?”

Da aka buɗe kabad, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin sun sauka. Injiniya ya zuba su a wani gwangwani daban. Kazar-kazar ya leƙa, ya ga koraye da yawa a ciki. Abin da ya rage ya ba da layi goma sha uku, amma kowane layi ya rame. Jakar tamfol ta yi masa yawa, sai da matarsa ta rage ta. Injiniya ya faɗa masa gaskiya tun kafin ya hau: a miƙaƙƙiyar hanya zai yi rabin yini ba matsala, amma kada ya kai shi gada, ba shi da ƙarfin wannan hawan.

Manaja ta saurari bayanin har ƙarshe. Ta ce to, a raba. Duk saƙon da ke wannan ɓangaren na gari nasa ne, da safe. Hayin gada ya zauna a hannun masu babur. Da rana kuma ƙofa tana jiransa, don ba za ta ɗauki wani ba.

A kan haka ake har yanzu. Da safe yana kan titi, batir bai sake yanke masa ba. Sai dai ya ƙaro wa aikin nasa wani reshe da ba a rubuta masa ba: duk ofishin da ya shiga, bayan an sa hannu, sai ya tambaya ko akwai mataccen batirin kwamfuta da ke tare musu wuri. Sakatarori sun saba, wasu har ajiye masa suke yi a aljihun tebur. Matarsa ta ce ko ɗaya kada ya shigo mata ɗaki, caja ma ta tattara ta mayar wa mai ita.

Ranar da ya cika kwali ya kai shago, suka ɓare, suka cika, suka auna. Injiniya ya jera su a kabad ya murɗa makulli.

“Waɗannan na gada ne,” in ji Kazar-kazar.

“In sun zauna.”

“Ni fa gani nake kwana goma ma ya isa. Waɗannan ba irin na farko ba ne, daga manyan ofisoshi suka fito.”

Injiniya ya jefa makullin a aljihun gaba ya danne da tafin hannu.

“Yaya, rana ta yi. Ba kai ke da ƙofa yanzu ba?”

Kazar-kazar ya dubi agogon bango, ya ja tsaki, ya fita yana jan ƙafar hagu. Bai bi hanyar da ta fi kusa ba. Ya zagaya ta bayan kasuwa, ya ɓulla ta titin asibiti, don akwai wani ɗakin shan magani a can da aka ce kwamfutarsu ta daina riƙe caji.